Muhawara: Wane ƙarin kaya ya dace a zaɓa daga masana'anta idan motar tsere a Zariya za ta zauna?

Bazazzagi_Hanwa:
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa masu daraja na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani lamari da lokaci yake neman ƙure mini. Na ba da kafin alƙalami na sabuwar Porsche 911 Carrera S ta hannun dila, an kuma ba ni gurbi a jerin motocin da za a ƙera a masana'antarsu ta Zuffenhausen da ke Stuttgart a ƙasar Jamus. Dilan ya sanar da ni cewa akwai ranar rufe oda, wadda idan ta wuce ba a ƙara komai kuma ba a rage komai, kuma ranar ta kusa. Abubuwan da suka tsaya mini a rai su ne na'urar ɗaga gaban mota, da birkin yumɓu da suke kira PCCB, da shokozoba ta tsere mai sauke mota ƙasa wadda aka haɗa da tayoyin baya masu juyawa tare da sitiyari, da ƙunshin kayan tuƙin tsere da suke kira Sport Chrono, da kujeru masu hura iska, da rufin gilashi, da babban tankin mai, da kayan sauti na Bose ko Burmester, sai kuma launi. Motar a Zariya za ta zauna, tafiyarta mafi nisa ita ce Kaduna ko Kano, wani lokaci Abuja. Ba zan iya ɗaukar duka ba, ko da zan iya ma ba na son in biya kuɗin abin da zai zame mini nauyi a nan. Wanne zan riƙe, wanne zan saki?

Injiniya_Samaru:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya tsare sharrin ƙarfe. Hanyar da nake bi a irin wannan lissafi ita ce in fara ware abin da ba ya yiwuwa a ƙara wa mota bayan ta fito daga masana'anta, domin shi ne kawai ranar rufe oda take da iko a kansa. Fenti ana iya lulluɓe shi da leda mai kariya a Abuja ko Legas, tabarmar ƙasa da lasifika ana iya sauya su, amma na'urar ɗaga gaba tana haɗe da shokozobar gaba da famfon mai matsa ruwa da kwamfutar mota, don haka idan ba a saka ta a Zuffenhausen ba to ka ɗauka an rabu da ita ke nan. Tana ɗaga hancin motar da kimanin milimita 40 idan ana tafiya a hankali, kuma tana iya riƙe wurin da ka saba danna ta, ta yadda gobe idan ka iso wurin za ta ɗaga da kanta. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Kwangila ya wuce Palladan zuwa Samaru, ko ya shiga cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ya san yawan tudun rage gudu da zai hau, ban da kwalbatin ƙofar gida da gangaren shiga gidajen mai. A wurina wannan ce ta farko, kuma ba ta da ta biyu a kusa da ita.

Shokozoba ta tsere kuwa ina ba da shawarar a bar ta. Tana sauke motar da milimita 10 kuma tana ƙara mata tauri, an yi ta ne domin filin tsere mai santsi. Bai dace mutum ya biya kuɗi a sauke masa mota, sannan ya sake biyan wani kuɗin a ɗaga masa ita ba. Shokozobar PASM da take zuwa da motar tun asali ita ma tana daidaita kanta da yanayin hanya, ta isa.

Usta_Muchiya:
Injiniya ya yi magana, amma akwai gyara ɗaya da nake so in yi, domin kada Alhaji ya ɗauka na'urar nan ta magance komai. Hanci kawai take ɗagawa. Idan tudun mai tsini ne, tayoyin gaba suna sauka cikin motar zai zauna a kansa, kuma a nan babu na'urar da za ta cece ka sai haye tudun a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Ranka ya daɗe, kafin ka rufe oda ka sa mai gini ya duba gangaren ƙofar gidanka, domin buhun siminti kaɗan zai yi maka aikin da miliyoyi ba za su yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne taya. Carrera S tana zuwa da wili mai inci 20 a gaba da 21 a baya, tayar gaba 245/35, ta baya 305/30. Idan ka lissafa, kaurin gefen tayar gaba bai wuce milimita 86 ba, na baya kuma kimanin 92. Ƙaramar Carrera tana zuwa da 19 da 20, taya 235/40 da 295/35, wato kimanin milimita 94 a gaba da 103 a baya. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin a faɗa rami a wuce da a faɗa rami wili ya tsage. Sannan motar ba ta da safaya, sai kwalbar ruwan liƙi da ɗan famfon iska, kuma ruwan liƙi ba ya toshe gefen taya idan ya yage. Da ni ne, da na sauko zuwa ƙaramar Carrera.

Sadauki_Kongo:
Allah ya ƙara girma, Baba Usta. Me zai hana Yaya Alhaji ya riƙe S ɗinsa ya ce a saka masa ƙananan wili? Ni kuma ina ganin an cika jin tsoro a zauren nan. Hanyar Zariya zuwa Kano da ta Zariya zuwa Kaduna ba kamar da suke ba tun da aka sake gina su. Mutum ba ya sayen motar da ke da ƙarfin doki 480 kullum, don haka idan za a yi a yi mai kyau. A saka PCCB, domin ba ya fitar da baƙar ƙurar nan da ke ɓata wili, ya fi na ƙarfe rashin nauyi da kusan rabi, kuma kan birkinsa mai launin ɗorawa yana nuna wa wanda ya san mota abin da yake kallo. Da ma GTS aka ɗauka, samfurin 911 da ke sama da S, mai ƙarfin doki 541.

Usta_Muchiya:
Ɗana, ƙananan wili ba za su shiga S ba. Faifan birkinta na gaba milimita 408 ne, wili mai inci 19 ba zai rufe shi ba. Shi ya sa na ce a sauko da motar gaba ɗaya, ban ce a sauko da wili kawai ba. Batun GTS kuma, ka sani wilinta da goro ɗaya tak ake ɗaure shi a tsakiya, kuma ana ɗaure shi da ƙarfi har 600 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure goro) da sifana ta musamman. Ka nuna mini mai faci ɗaya daga PZ zuwa Ɗanmagaji da yake da wannan sifanar. Ga shi kuma sabuwar GTS tana da batir mai ƙarfin bolt 400, wanda ba a barin wanda bai sami horo ba ya taɓa shi.

Alhaji_GRA_Zariya:
Ƙanena Bazazzagi, ina taya ka murna. Zan yi magana a kan birkin yumɓu domin na zauna da shi a wata mota da na taɓa riƙewa. Duk abin da Sadauki ya faɗa gaskiya ne, ba ya ƙura, ba ya tsatsa da damina, kuma idan tuƙin gari ake yi faifan yana iya daɗewa ƙwarai. Matsalarsa ita ce ba ya jure duka. Nawa ya ɓalle a baki ne ranar da wani yaro mai faci ya zare wili, wilin ya sauka a kan faifan, kuma faifan yumɓu idan ya ɓalle ba a goge shi ba a gyara shi, sai dai a sauya, sauyin kuma sai an yi odarsa daga waje an jira. Tsakuwa ma idan ta maƙale tsakanin faifai da murfinsa tana iya yi masa zane, mu kuma tsakuwa da jar ƙasa ba su rabuwa da gefen titunanmu. An ƙirƙiri wannan birki ne domin wanda yake taka birki daga gudu mai tsanani sau da yawa a jere har ƙarfe ya ɗauki zafi ya daina kamawa. Iyakar gudun da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta amince wa ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwayen layi shi ne kilomita 100 a sa'a, kuma birkin ƙarfen da ke jikin S, wanda aka ɗauko daga tsohuwar GTS, ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Kuɗin PCCB ya tasam ma dala dubu goma tun kafin kwastam su ɗora nasu. Ka ajiye kuɗin nan ka sayi cikakken saitin taya na biyu da wili ɗaya na gaba da ɗaya na baya ka jingine a gida.

Mai_Gidan_Mai_Kwangila:
Jama'a ana ta maganar taya da birki, an bar abin da motar za ta sha. Littafin 911 yana neman fetur mai okten 98 (okten shi ne ma'aunin juriyar fetur ga kamawa da wuta kafin lokaci), yana kuma yarda da 95 tare da raguwar ƙarfi. Ma'aunin fetur na Najeriya mafi ƙarancinsa 91 ne, kuma mu masu gidajen mai ba mu da famfo biyu, na talakawa da na musamman, kamar yadda ake yi a Dubai ko Turai. Abin da tanka ta kawo shi muke sayarwa. Injin yana da na'urar da ke sauraron ƙonewar mai, idan ta ji man yana kamawa da wuta kafin lokacinsa sai kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi ta rage iskar turbo. Wannan yana kare injin zuwa wani matsayi, amma yana nufin dawakai 480 ɗin da aka biya ba duka za su fito ba, musamman a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Zariya yake kusantar digiri 40. Saboda haka nake shakkar amfanin Sport Chrono a nan. Babban abin da ake saye a cikinsa shi ne tashi da ƙarfi daga tsaye, wanda ke kai motar kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.3, da maɓallin da ke ba da cikakken ƙarfi na daƙiƙa 20, kuma waɗannan su ne lokutan da inji ya fi bukatar mai mai kyau.

Babban tanki kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Lita 84 maimakon 63 tana nufin Alhaji zai sha mai a gidan man da ya amince da shi, ya je Kano ya dawo, ko ya kai Abuja, ba tare da ya tsaya a inda bai sani ba. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan ya lalata motocin mutane. Kuma kuɗin tankin kaɗan ne idan aka kwatanta da sauran.

Injiniya_Samaru:
Na yarda da batun tanki. A kan Sport Chrono kuwa ina da ɗan saɓani da mai gidan mai. Shi ne yake kawo agogon da ke saman dashbod, kuma a kasuwar 911 ta hannu yana cikin abin da mai saye yake fara leƙawa ya gani. Ko Alhaji bai taɓa danna shi ba, ranar sayarwa zai dawo da wani abu daga kuɗinsa. Ina kuma jan hankali a kan ruwan ƙara okten da ake sayarwa a kwalabe. Waɗanda ke ɗauke da sinadarin manganis suna barin jan datti a kan fulogi da na'urorin salansa, don haka a karanta jikin kwalba kafin a zuba.

Ejan_TinCan:
Yallaɓai, ni ɗan Tudun Wada ne amma aikina fitar da motoci a tashar Tin Can da ke Legas. Abin da nake so ka riƙe shi ne farashin da kake gani a shafin haɗa mota ba shi ne farashin da za ka biya ba. Kwastam suna lissafa haraji a kan jimillar kuɗin mota da inshora da dakon jirgi, don haka duk dalar da ka ƙara a kayan zaɓi tana jawo nata harajin shigowa da sauran kuɗaɗen da ake ɗorawa, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kan jimillar. Canjin da za a yi maka lissafi da shi kuma ba na ranar da ka ba da oda ba ne. Waɗanda suka yi oda kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, motocinsu suka iso bayan ta haura 1,500 a farkon 2024, sun san abin da nake faɗa. Wannan ne ya sa ba na son launi na musamman da suke kira Paint to Sample, domin yana iya jinkirta ƙera mota da watanni, kuma kowane wata na jira caca ce da canji. Ka tabbatar takardar farashin da za a buɗe Form M, wato fom ɗin shigo da kaya ƙasa, da ita ta lissafa kowane kaya da lambarsa, yadda ba za a sami saɓani da abin da lambar shasi ta nuna ba. Ka kuma nemi a sako ta cikin kwantena ita kaɗai, daga Legas kuma a ɗoro ta a rufaffiyar motar dako mai doguwar matakala, domin da yawa daga irin waɗannan motoci a wurin lodi da saukewa suke fara rasa leɓen bambarsu.

Hajiya_Tudun_Jukun:
Ɗan'uwa Alhaji, Allah ya sa a kashe lafiya. Maza sun yi maganar ƙarfe, bari in yi maganar cikin mota, domin a nan mutum yake zama. Kujeru masu hura iska kada ka bari su wuce ka. Wanda ya ajiye mota a rana a asibitin Shika ko a Kongo ya dawo da azahar ya zauna a kan baƙar fata da farar shadda ya san dalili. Rufin gilashi kuma ban ga amfaninsa ba a garin da rana take tsaye a ka mafi yawan shekara, da hunturu kuma ƙura ta cika hanyoyin da ruwa ke bi ya fita daga rufin, damina ta zo ta sami hanya a toshe. Akwai gilashi mai rage ƙara a cikin jerin zaɓin, shi ya fi dacewa da mu. Haka nan yadin nan mai laushi da suke kira Race-Tex yana da kyau a hoto, amma yana riƙe ƙura da maiƙon hannu, fata ta fi sauƙin gogewa, kuma fata mai haske ta fi baƙa sanyi.

Abu na ƙarshe, ka duba takardarka da kyau a kan kujerun baya. A sabon samfurin nan mai rufi, motar tana zuwa da kujeru biyu ne kawai sai idan ka nemi na baya, kuma ba a biyan ko kwabo a kansu. Ba za su ɗauki babba ba, amma za su ɗauki yara ƙanana zuwa gaisuwar Juma'a a cikin Birni, kuma abin takaici ne a rasa abin kyauta saboda ba a duba layi ɗaya ba.

Malam_Kofar_Doka:
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar nan tun farko, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ba ta natsu da adadin kuɗin da ake ambata ba a lokacin da maƙwabta da yawa suke fama da abincin yini. Ban ce haramun ne ba. Dukiyar halal ce, abin hawa mai kyau kuma ni'ima ce. Amma aya ta 67 a Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah da cewa idan za su kashe dukiya ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. Ina roƙon Alhaji ya sa wannan ma'auni a kan kowane layi na takardar. Abin da zai kare motar ko lafiyarsa ya ɗauka, abin da amfaninsa kawai a gani a yaba ya sake tunani a kansa.

Bazazzagi_Hanwa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi nasiha da hannu biyu, kuma ita ce ma dalilin da ya sa na kawo maganar gaban jama'a maimakon in bar dila ya cika mini takarda. Allah ya saka da alheri.

Sadauki_Kongo:
Allah ya gafarta Malam, ina girmama maganarka. Sai dai ina ganin idan aka bi wannan ma'auni har ƙarshe, motar ma gaba ɗaya ba za ta tsallake ba, domin Corolla tana kai mutum Kaduna. Wanda ya sayi 911 ya saye ta ne domin daɗin tuƙi, kuma daɗin tuƙi ba abin kunya ba ne. Shi ya sa nake ganin tayoyin baya masu juyawa sun cancanci a sake duba su. A ƙaramin gudu suna juyawa saɓanin na gaba, mota ta yi kwana a ɗan ƙaramin wuri, wanda zai yi amfani a lungunan Sabon Gari, a babban gudu kuma suna bin na gaba, mota ta ƙara natsuwa wajen sauya layi.

Mai_Kula_Da_Zaure:
An ji nasihar Malam, an ji amsar Sadauki, kowa ya faɗi nasa cikin ladabi. Mu koma kan jerin kayan, domin ranar rufe oda ba ta jira.

Usta_Muchiya:
Sadauki, bayaninka a kan tayoyin baya daidai ne, amma Alhaji ya ce a haɗe suke da shokozobar da ke sauke mota, wadda Injiniya ya riga ya yi bayanin illarta. Ka ƙara da cewa injinan lantarki ne guda biyu a ƙarƙashin mota kusa da taya, inda ruwan damina da laka suke, kuma saita tayoyin irin wannan mota sai da kwamfutar kamfani mai suna PIWIS. Duk abin da aka ƙara mai motsi, an ƙara abin da wata rana zai kai motar Abuja ko Legas a bayan janwe.

Akwai wani abu da ba ya cikin jerin masana'anta amma ya kamata Alhaji ya sani. Injin 911 a baya yake, lagiretocinta kuwa suna gaba, a kusurwoyin bamba ta ƙasa, tare da na na'urar sanyaya ɗaki. Ledar ruwa da ganye da tsakuwa duk can suke taruwa. A riƙa hure wurin a kai a kai, musamman bayan hunturu. Matatar iskar inji kuma sai an kwance bambar baya ake kai wa gare ta, kuma da irin ƙurarmu ba za a jira lokacin da littafi ya ce ba.

Dakta_Basawa:
Tambayar da ban ga an yi ba ita ce, motar wace kasuwa aka yi wa oda? Wannan zaɓi ne da ya fi kowane girma ko da yake ba ya fitowa a jerin kaya. Ta Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba ta cikin lissafi, tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972 kuma an hana shigo da masu sitiyari a dama. Ta Tarayyar Turai tana ɗauke da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda dokarsu ta tilasta wa irin waɗannan injina tun wajen 2018, kuma an tsara ta ne domin fetur mai sulfa kashi 10 cikin miliyan. Namu ya inganta tun da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, amma ba zan so in jingina lafiyar matatar hayaƙi mai tsada a kan kowace tanka da ta zo Zariya ba. Ta Amurka kuma rediyonta yana tsallake tashoshin FM masu ƙarewa da lamba cika, kuma garantinta na can ne. Ni na fi natsuwa da motar da aka ƙera domin kasuwar Gabas ta Tsakiya da Afirka. Alhaji ya nemi dila ya rubuta masa lambar ƙasar da aka yi odar da ita, da inda garanti zai yi aiki, da wanda zai yi sabis na farko. Idan amsar ta zo da baki kawai, a nemi ta a takarda.

Direban_Asali_Wusasa:
Ni damuwata ɗaya ce. Carrera S yanzu da giyar otomatik ta PDK mai hawa 8 kawai take zuwa. Wanda yake son kuloci da giyar hannu sai ya koma Carrera T mai giya 6. Ga wanda ya koyi tuƙi da Peugeot 504, rabin daɗin motar tsere a hannun dama da ƙafar hagu yake, kuma masu giyar hannu suna ƙara ƙaranci a duniya, abin da ke riƙe musu daraja.

Alhaji_GRA_Zariya:
A Turai da Amurka haka ne, Malam Direba, amma a kasuwarmu ba haka ba ne. Mai sayen irin wannan mota a Abuja ko Kano otomatik yake nema. Sannan Carrera T ita ma a sauke take da milimita 10 tun daga masana'anta, mun koma inda muka baro. Da ana samun 911 Dakar, wadda aka ɗaga ta sosai aka sa mata tayar jeji, da ita ce amsar Zariya, amma guda 2,500 kacal aka ƙera kuma an gama.

A kan launi, wanda har yanzu ba a tattauna ba, baƙi ya fi kowane wahala a nan, domin ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa cikin sa'a guda, duk gogewa kuma tana barin zane. Fari da ruwan azurfa da ruwan toka mai haske sun fi haƙuri. Ja da ɗorawa suna da kyau ƙwarai a jikin 911, amma mai bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya auna ko yana son a gane motarsa daga nesa. Idan kuma ka zaɓi gilashin baya mai duhu, ka tuna 'yan sanda na iya tambayar takardar izini ko da daga masana'anta ya zo haka.

Bazazzagi_Hanwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya zuwa yanzu. Na'urar ɗaga gaba, babban tanki, kujeru masu hura iska, gilashi mai rage ƙara da kujerun baya sun shiga. Hajiya, na duba takardar, kujerun baya ba sa ciki, na sa a ƙara. PCCB da shokozoba ta tsere da rufin gilashi da launi na musamman sun fita. Na tura wa dila tambayoyin Dakta guda uku, ina jiran amsa a rubuce. Abin da ya rage mini shi ne Sport Chrono, inda Injiniya da mai gidan mai suka rabu, da Bose ko Burmester, da kuma babbar maganar Usta ta saukowa zuwa ƙaramar Carrera mai ƙarfin doki 394, wadda har yanzu zuciyata ba ta amince ba, ko da yake lissafin tayar ya shige ni.

Hajiya_Tudun_Jukun:
Bose ta wadatar. Motar da injinta yake bayan kunnenka, tayoyinta masu faɗi suna ƙara a kan kwalta, ba wurin da za a ji bambancin Burmester ba ne sai a tsaye.

Injiniya_Samaru:
Kafin ka yanke hukunci tsakanin S da ƙaramar, ka tambayi dila ko sauya samfuri zai sa ka rasa gurbinka, domin gurbi yawanci na samfuri ne takamaimai, ba kamar ƙara kaya ba ne. Idan zai mayar da kai ƙarshen layi, to gargaɗin Ejan a kan canji ya shigo ciki.

Sadauki_Kongo:
Yaya Alhaji, ina roƙonka kada ka sauko. S tana zuwa da salansar tsere da babban birki ba tare da ƙarin kuɗi ba, idan ka ɗauki ƙaramar ka ƙara mata salansar da manyan kaya, tazarar farashin za ta ragu sosai.

Usta_Muchiya:
Ko S ko ƙaramar, a nemo amsar tambaya ɗaya kafin ranar rufewa. Tayoyin 911 na wannan zubi suna da alamar amincewar kamfani a gefensu mai farawa da NA, kuma ba kowace taya mai girman 305/30 inci 21 ba ce take da ita. Alhaji ya sa a bincika masa a Kano da Abuja da Legas a ga wane girman ake samu a ajiye, 21 ko 20, da shekarar da aka buga a jikin tayar. Idan babu ko ɗaya, to Ejan ya faɗa mana ko za a iya sako saiti na biyu a cikin kwantena ɗaya da motar, da kuma yadda kwastam za su lissafa shi.

Ejan_TinCan:
Ana iya sakowa, Usta, amma taya tana da nata layin haraji dabam da na mota, kuma tana cikin kayan da ake nema wa takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya. Dole a bayyana su a takarda tun daga farko, domin abin da aka samu a kwantena ba a rubuta shi ba yana iya tsayar da motar kanta a tasha ana lissafa mata kuɗin ajiya kullum. Yallaɓai, idan ka yanke shawarar sako su, ka sanar da dila kafin a buɗe Form M.